Hutu a Ɗa'ifa da Kuɗi Kaɗan: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar dogon hutun makaranta ya ƙarato, masu niyyar fita da iyali zuwa Saudiyya sukan yi ta maimaita tambayoyi iri ɗaya game da Ɗa'ifa, birnin nan da ke kan duwatsu a gabashin Makka. Ga waɗanda aka fi yi, tun daga na farkon shiri har zuwa ƙananan abubuwan da kan cinye kuɗin matafiyi bai ankara ba.

Ina ne Ɗa'ifa, kuma me ya sa ake zuwa can a tsakiyar zafi?

Ɗa'ifa tana cikin lardin Makka, a kan jerin duwatsun Sarawat, kimanin kilomita 90 daga Harami idan aka bi hanyar Hada. Tsayinta daga teku ya haura mita 1,800, wato ta ɗara Jos tudu nesa ba kusa ba, tunda Jos ba ta wuce kusan mita 1,200 ba. Yankunan Hada da Shafa da ke gefenta sun ma fi cikin garin tsayi.

Wannan tudun ne ya sa tun zamanin da masu hali na Makka suke da gonaki da gidaje a can. A da, gwamnatin Saudiyya kanta takan koma Ɗa'ifa da aiki a watannin zafi, kuma a garin ne Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa ƙasar Saudiyya, ya rasu a 1953. Watannin Yuli da Agusta, da muke cikin damina a ƙasar Hausa, su ne ƙololuwar zafi a Makka da Madina, don haka kowa ke neman hawa sama.

Sanyin da ake faɗa gaskiya ne, ko zuzutawa ce ta masu sayar da tafiya?

Gaskiya ne, amma kada a ɗauka sanyin hunturu ne. A Yuli zafin Makka yakan wuce digiri 42 da rana. A cikin garin Ɗa'ifa yakan tsaya wajen 35, ga iska busasshiya mara gumi, da dare kuma ya sauko ƙasa da 25. A Shafa da Hada ya fi haka sauƙi, har mutum ya nemi rigar sanyi mara nauyi idan dare ya yi nisa. Da tsakar rana dai rana tana cizo, shi ya sa garin yake yin tsit bayan Azahar, sai La'asar ta wuce a ga iyalai sun fito da darduma da butar shayi.

A Agusta hadari yakan haɗu da yamma a kan duwatsun, a yi ruwa mai ƙarfi na ɗan lokaci, hazo ya rufe hanya. Wannan yana shafar shirin sauka Makka, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ke kan hanyoyin hawa.

Ta yaya za a ce tafiya Saudiyya tana da araha?

Idan mutum zai taso daga Kano ko Yamai takanas don Ɗa'ifa kaɗai, babu wani araha a ciki, domin tikitin jirgi da biza su ne suke cinye mafi yawan kuɗin. Arahar tana wajen wanda dama ya yi niyyar Umara. Ya riga ya biya jirgi, ya biya biza, abin da ya rage shi ne ya yanke wasu kwanaki daga zaman Makka ya mayar da su Ɗa'ifa. Kuɗin otal ɗin da zai biya kusa da Harami shi ne zai koma kuɗin masauki a kan dutse, sai ɗan ƙarin kuɗin mota.

Akwai wani sauƙin kuma. Bayan an gama aikin Hajji, Makka takan rage cunkoso saboda zafi, farashin otal-otal ya sauka ƙasa sosai da na Ramadan. To, wanda ya zo a wannan lokaci ya samu rangwame a Makka, zafin da ya kori mutane kuma yana da inda zai guje masa. A ganina wannan ne tsari mafi ma'ana ga mai iyali da matsakaicin ƙarfi, kuma shi ne aka gina sauran amsoshin a kansa.

Wane lokaci ne ya fi sauƙin kuɗi?

Ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Makarantun Saudiyya suna hutu daga wajen ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Agusta, kuma a wannan tsakanin mutanen Riyad da Jidda da ƙasashen Gulf suke cika Ɗa'ifa, farashin masauki ya tashi. Da zarar yaransu sun koma aji sai gari ya sarara, alhali yawancin makarantun Najeriya ba su koma ba tukuna. Wannan ɗan tsakanin shi ne rabon mai neman sauƙi.

Idan dole sai a Yuli, a lura da ranakun mako. Hutun ƙarshen mako a Saudiyya Juma'a ne da Asabar, don haka daren Alhamis da na Juma'a su ne mafi tsada. A hau ranar Asabar da yamma ko Lahadi, a sauko Alhamis da safe, a yi Juma'a a Harami.

Wace biza nake buƙata?

Bizar Umara ta wadatar. Tun 2022 Saudiyya ta ba mai bizar Umara damar zagaya sauran biranen ƙasar, ba Makka da Madina da Jidda kaɗai ba. Wanda yake da bizar Amurka ko Ingila ko ta Shengen (ta ƙasashen Turai) mai aiki, wadda ya taɓa shiga da ita, yana iya neman bizar yawon buɗe ido ta intanet, kuma ana yin Umara da ita a wajen lokacin Hajji.

Ana dakatar da bizar Umara gabanin Hajji, a sake buɗewa bayan alhazai sun kammala. Sharuɗɗanta kuma sukan canza daga shekara zuwa shekara, musamman batun tabbatar da masauki kafin a ba da ita. Don haka a bi ta kamfani mai lasisin hukumar alhazai, a sanar da su tun farko cewa akwai kwanakin Ɗa'ifa a cikin shirin, a kuma sa su rubuta hakan a takardar yarjejeniya. Idan ba a faɗa ba, za a biya otal na Makka na dukan kwanakin, a kuma sake biyan na Ɗa'ifa, ɗaki yana can a kulle ba kowa. Ranar fita da ke kan biza kuwa ba abin wasa ba ce: wuce ta yana jawo tara da tsarewa da hana shiga ƙasar.

Wane jirgi zan bi?

Daga Kano akwai masu tashi kai tsaye zuwa Jidda, tafiyar da ba ta wuce awa biyar ba. Akwai kuma masu yada zango, kamar Ethiopian ta Addis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira da Qatar Airways ta Doha. Masu yada zango sukan fi sauƙi a wasu lokuta, sai dai mai tafiya da tsoho ko jariri ya auna awannin jira kafin ya yi murna da ragin.

Ɗa'ifa tana da filin jirginta, kuma jirage daga Alƙahira da Dubai suna sauka a can. Yana da kyau a duba farashin shiga ta Ɗa'ifa a fita ta Jidda ko Madina. Wannan yana da wata fa'ida ta ibada, duba amsar da ke kan miƙati. Kafin a biya tikiti mai arha, a karanta nauyin kayan da aka yarda da shi, domin kuɗin ƙarin kaya a dawowa ya isa ya shafe duk ragin da aka samu.

Daga Makka ko Jidda, yaya ake hawa?

Jirgin ƙasa na Haramain bai zuwa Ɗa'ifa, Makka da Jidda da Madina yake haɗawa. Mota ce kawai, kuma hanyoyi biyu ne. Hanyar Hada ita ce gajera, mai lanƙwasa tana hawa jikin dutse, kuma ita kanta abin kallo ce: kana juyawa ka hango Tihama, filin da ke tsakanin duwatsun da Bahar Maliya, shimfiɗe a ƙasa. Ta biyu ita ce hanyar Sailul Kabir, ta fi tsawo amma ba ta da hawa mai tsanani. Hukuma takan rufe hanyar Hada idan ruwa ko hazo ya yi yawa ko ana gyara, sai kowa ya koma Sail. Saboda haka kada a shirya saukowa daga Ɗa'ifa a ranar da jirgi zai tashi. A bar kwana ɗaya a tsakani.

Motar bas ta fi arha ga mutum ɗaya ko biyu. Idan kun kai huɗu zuwa shida, shatar mota guda ta fi, don za ta kai ku ƙofar masauki da kayanku. Manhajojin Uber da Careem suna aiki, kuma ko ba za a hau ba suna nuna farashin da za a riƙa a yi ciniki da direban tasi. Masu ɗaukar fasinja da motar gida ba lasisi suna da yawa a bakin tasha. Doka ta hana, kuma idan wani abu ya faru a hanya babu wanda za a riƙe.

Kamfanin da ya kawo mu yana da ziyarar Ɗa'ifa ta yini ɗaya. Wannan bai isa ba?

Ya isa a ce an je. Amma dubi yadda take tafiya: a taso daga Makka da hantsi, a iso lokacin da rana ta fi zafi, a tsaya masallaci biyu, a shiga shagon turare, a ci abinci, a juyo kafin Magariba. Wato an bar garin daidai lokacin da daɗinsa yake farawa. Abin da ake zuwa nema a Ɗa'ifa yana tsakanin La'asar da tsakar dare ne, da kuma sanyin asuba, lokacin da za ka taka zuwa masallaci ba ka haɗa gumi ba.

Kwana uku zuwa huɗu ya wadatar ga yawancin iyalai: yini guda na cikin gari da wuraren tarihi, guda na Hada, guda na Shafa, guda kuma a bar shi ba shiri, a huta. Fiye da haka sai mai son zama kawai.

A ina ya kamata mu sauka?

A nemi abin da suke kira shuƙaƙ mafrusha, wato gida mai ɗaki biyu ko uku da falo da ɗan kicin, wanda ake haya kwana-kwana. Garin cike yake da su domin iyalan Larabawa su suka fi kamawa. Ga mutum biyar ko shida, irin wannan gida ya fi ɗakunan otal biyu sauƙi, ga damar girki.

Masaukan Hada da Shafa sun fi kyawun kallo, sun kuma fi tsada, sannan duk abin da ake so sai an hau mota. Mai tattali ya kama a cikin gari, kusa da Masallacin Ibn Abbas da tsohuwar kasuwa ko wata unguwa mai masallaci da kanti a kusa, ya riƙa hawa dutse da yamma. Kafin a biya, a tambaya ko farashin ya haɗa da haraji, domin harajin kaya a Saudiyya kashi 15 ne cikin ɗari. A kuma duba ko akwai risho da tukwane, da lif idan akwai tsoho a tafiyar. Gida mai kicin ba tukunya ya zama ruwan dare.

Abinci fa?

Nan ne aka fi samun rara. Karin kumallo na tamis, gurasar nan mai faɗi da ake gasawa a tanderu, da ful na wake, kuɗinsa kaɗan ne kuma yana riƙe ciki. Da rana, faranti guda na shinkafar bukhari ko kabsa da kaza yakan ishi mutum biyu. Da dare a dafa a gida. Wanda ba ya iya kwana uku ba tuwo ya taho da garinsa da kuka da daddawa a ƙulle da kyau, amma ya fara duba amsar da ke kan kayan da ba a shiga da su.

Sau ɗaya dai a ci salik, abincin da aka san Ɗa'ifa da shi: farar shinkafa da aka dafa da romon nama da madara har ta yi laushi, a ɗora kaza ko naman rago a kai. 'Ya'yan itace kuwa lokacinsu ne. Inabi da ɓaure da barshumi suna nan jibge a rumfunan bakin hanyar Hada da Shafa, rumman kuma yakan fara shigowa a ƙarshen zafi. Barshumi ɗan wata ƙaya ce, a bar mai sayarwa ya feɗe shi, domin ƙananan ƙayoyinsa idan suka shiga hannu sai an sha fama. Farashin rumfunan masu yawon buɗe ido ya fi na kasuwar cikin gari.

Me za mu gani ba tare da kashe kuɗi da yawa ba?

Yawancin abin da ya fi daɗi ba ya buƙatar tikiti. Lambun Rudaf da ke kudancin gari fili ne babba mai ciyawa da manyan duwatsu, yara su yi ta gudu har dare. A Shafa ana samun wuraren tsayawa a gefen dutse inda ake shimfiɗa tabarma a sha shayi ana kallon gajimare a ƙasa. Tsohuwar kasuwar tsakiyar gari ma yawo ce mai zaman kanta, ga zuma ga turare ga kayan ƙamshi. Masu son dawaki su nemi jadawalin sukuwa a filin Sarki Khalid da ke Hawiyya, domin a Ɗa'ifa ake yin sukuwar lokacin zafi. A wajen Agusta zuwa Satumba kuma ake gasar raƙuma ta Yarima mai jiran gado, wadda aka fara a 2018.

Abin da ya cancanci a biya shi ne motar igiya ta Hada, wadda suke kira telefirik. Tana sauka daga kan dutse zuwa Kar a ƙasa, tafiyar kusan kilomita 4 a rataye. A hau ta gab da faɗuwar rana. A ƙasan akwai wurin wasan ruwa mai tikitinsa daban, kuma zafin can irin na Makka ne, don haka ba dole sai an shiga ba.

Waɗanne wuraren tarihin Musulunci ne a garin?

Ɗa'ifa ce garin ƙabilar Banu Saƙifa, inda Annabi (SAW) ya je tare da Zaidu ɗan Harisa a shekara ta goma da aike, bayan rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib. Suka ƙi kiransa, suka sa yara da wawaye suka jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini. Ya fake a gonar Utba da Shaiba, 'ya'yan Rabi'a, inda bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, ya kawo masa inabi. A unguwar Masna akwai ƙaramin masallaci da ake kira da sunan Addas, a yankin da ake danganta wa wannan gona. Bayan yaƙin Hunaini a shekara ta 8 bayan Hijira an yi wa garin ƙawanya, a shekara ta 9 kuma Saƙifa suka musulunta.

Abdullahi ɗan Abbas a nan ya ƙare rayuwarsa, ya rasu a shekara ta 68, kuma babban masallacin tsakiyar gari sunansa yake ɗauke da shi. A wajen gari akwai madatsar ruwa ta Saisad, mai rubutu a jikin dutse da ke nuna an gina ta don Mu'awiya a shekara ta 58. Kasuwar Ukaz, inda mawaƙan Larabawa suke baje kolinsu kafin Musulunci, tana kimanin kilomita 40 arewa maso gabas. Yana da kyau a karanta wa yara labarin tafiyar Ɗa'ifa a daren da za a je Masna. Yaron da ya hau wannan dutse a mota mai sanyi, aka ce masa a ƙafa aka hau shi, ba zai manta ba. Ziyarar waɗannan wurare ta tarihi ce da ɗaukar darasi, ba ta cikin ayyukan Umara.

Idan zan sauko Makka, a ina zan ɗaura harami?

Miƙatin mai zuwa daga Ɗa'ifa shi ne Ƙarnul Manazil, wato Sailul Kabir. Mai bin hanyar Hada kuma yana ɗaurawa a masallacin Wadi Muhrim, wanda yake daura da shi. Duka biyun suna da wurin wanka da shagunan harami. Wanda ya fara sauka a Ɗa'ifa daga gida ya huta da ɗaura harami a cikin jirgi: ya yi kwanakinsa, gajiya ta sake shi, sannan ya shiga Makka da Umararsa.

Wanda ya riga ya yi Umara kafin ya hau, yakan tambaya ko ya sake wata a saukowa. A mazhabar Malikiyya an karhanta maimaita Umara a shekara guda, wasu mazhabobin kuma sun yarda. A tambayi malamin da aka amince da shi tun kafin a bar gida, kada a bari sai an iso bakin miƙati ana gardama a cikin mota.

Za mu ga furen wardin da ake magana?

A'a. Ana tsinkar wardin Ɗa'ifa a Maris da Afrilu ne, cikin 'yan makonni, da sassafe. A lokacin zafi sai dai a ziyarci ƙananan masana'antun Hada da Shafa a ga tukwanen tagulla da ake tatsar turaren da su. Man wardi na asali da tola ake sayar da shi kuma yana da tsada ƙwarai, don haka idan aka yi maka tayinsa da arha, gauraye ne. Ruwan wardi a kwalba shi ne tsarabar da ta dace da aljihu, sai zuma da sabulu. A ware kuɗin tsaraba daban tun daga gida, domin ita ce ta fi rusa lissafin matafiyanmu.

Zan tafi da Hajiya, shekarunta sun ja, ga kuma ƙananan yara. Akwai abin lura?

Lanƙwasar hanyar Hada tana juya wa wasu ciki. Idan Hajiya ko yaran suna amai a mota, a ce wa direba ya bi Sail, ko a zaunar da su gaba, a kuma guji cika ciki kafin a tashi. Mai ciwon zuciya ko na numfashi ya ga likitansa kafin tafiya saboda tudun, ya ɗauki hawa a hankali a ranar farko. Iskar busasshiya ce, ƙishirwa ba ta sanarwa, sai a riƙa ba su ruwa a kai a kai. Magungunan da take sha a taho da su cikin kwalinsu tare da takardar likita. Rigakafin sanƙarau da katin rigakafin shawara kuwa a kammala su aƙalla kwana goma kafin tashi.

Sai birai. Garken gwaggon biri suna zaune a gefen hanyar Hada da Shafa, yara kuma suna ɗokin su. Suna fizge leda daga hannu, suna cizo, kuma hukuma tana cin tarar mai ba su abinci. A kalle su ta gilashi a rufe.

Yaya zan yi lissafin kuɗi, kuma a wane nau'i zan riƙe su?

Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 kan dala ɗaya, tun 1986. Saboda haka a yi duk lissafi da riyal, sai a ƙarshe a juya shi zuwa naira ko sefa da farashin ranar. Idan aka ce gida riyal 200 ne a kwana, dala 53 ke nan da 'yan kai. A rubuta abu biyar: masauki, motar hawa da sauka, zirga-zirgar cikin gari, abinci, tikitin wuraren wasa. Zirga-zirga ita aka fi mantawa, alhali zuwa Shafa da dawowa tafiya ce mai nisa. A yi ciniki da direba ɗaya ya kai ku, ya jira, ya dawo da ku, domin samun motar dawowa daga can da dare yana da wuya. A cikin gari akwai bas na haya mai rahusa.

Kada a dogara da katin naira kaɗai. A riƙe kuɗi a hannu, a raba su tsakanin manya biyu, a canza a wurin canji mai lasisi a cikin gari maimakon filin jirgi. Layin waya guda na STC ko Mobily ko Zain mai data ya ishi iyali. Idan lissafin ya nuna sai an ci bashi kafin a ƙara kwanakin Ɗa'ifa, a rage su zuwa biyu ko a bari sai wata shekara.

Akwai kayan da bai kamata in shiga da su ba?

Goro. Hukumar alhazai tana nanata gargaɗi a kansa duk shekara, kuma mai Umara ma dokar ta hau kansa. Haka ƙwayoyi irin su tramadol, da magungunan gargajiya marasa suna a jiki. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. Kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da wa ya haɗa ku, kuma a ƙirga jakunkunan da aka rubuta da sunanka kafin a bar wurin awo.

Wasu sun ce Abha ta fi Ɗa'ifa sanyi. Ba gara can ba?

Ta fi ta sanyi da kore, domin tsayinta ya kai kusan mita 2,200, dutsen Suda da ke kusa da ita kuma ya doshi 3,000. Amma tana can kudu, fiye da kilomita 500 daga Ɗa'ifa, wato ko dai wani tikitin jirgi ga kowane mutum ko yini guda a mota, kuma masaukinta yana tsada a Yuli da Agusta. Baha tana tsakani, kimanin kilomita 220, ana iya zuwa a kwana ɗaya a dawo idan akwai mota a hannu. Ga wanda ya haɗa hutunsa da Umara kuma yake ƙirga riyal, Ɗa'ifa ce kaɗai za a hau bayan sallar La'asar a Harami a kuma riski Isha'i a can.